Ruwan Rini da Karsanar Hawwa'u

Kusada, farkon watan Maris

Zuwa ga taubashina Zainul Abidin, a makaranta, Zariya.

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da karatu, da zafin bana. Mu nan lafiya lau, sai ƙafar Inna da ke tashi lokaci-lokaci. Maigidana Auwalu yana can Fatakwal cin rani, ba zai dawo ba sai ruwa ya sauka. Kada ka yi mamakin ganin takarda. Wayata ce ta faɗa bahon shuɗi, na tsamo ta ta rinu fiye da shaddar, amma ta daina magana. Sada direba na tashar Kankiya shi zai riƙa kai maka, ka riƙa ba shi amsa.

Ka tuna ranar sunan ɗan ƙanwarka Kamila a gidanku na Kankiya, da ka ce karatunka na wanke ruwan rini ne? Na yi dariya har na ƙware. Na ce duniya da ruwa ake wanka, jikan Malam Umar kuma ya tafi jami'a koyon wanke ruwa. To yau dariyar ta dawo kaina, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ka san ruwan da nake zubarwa idan na gama rini, mai galura da soda da haidiro, ta rariya yake fita ya bi bayan gida. Da can ƙasa na shanye shi. Bana aiki ya yi yawa, na ƙara baho biyu, sai ruwan ya yi wa kansa hanya har kududdufin yamma, inda shanun rugar Bubayero ke sha. Duk sauran tafkunan sun ƙafe, shi kaɗai ya rage, gefensa kuwa ya koma ja da baƙi. Makon jiya karsanar Hawwa'u matar Bubayero ta kwanta, ba ta tashi ba. Malamin dabbobi ya ce yana zargin ruwan ne.

Hawwa'u ba sai na gaya maka ko wace ce ba, ka sha furarta a gidan nan. Tun ina amarya take sauke ƙwaryarta a ƙofata, ita ta zauna da ni lokacin haihuwar Shamsiyya. Karsanar kuma ba ta garke ba ce, tata ce ta kanta, Wule take kiranta, jikar saniyar da mahaifinta ya ba ta. Yanzu ta ƙofata take wucewa da ƙwarya a ka, ko waiwaye babu. Wallahi wannan ya fi komai ci mini rai. Ni kuma na kasa taka rugar, da wane ido zan dube ta? Na ce sai na gyara ɓarnar tukuna, in je da abin faɗa a bakina.

Mai unguwa ya ce in dakata da zubar da ruwa, kuma idan mutanen ruga ba su gamsu ba, in kife bahunana gaba ɗaya. Yanzu a duro nake tara shi, duro biyu sun cika. In da gaske kana wanke ruwa, ga ranarka ta zo. In kuma cika baki ne, ka faɗa mini in san inda dare ya yi mini.

Yayarka, ko ka ƙi ko ka so,
Zinariya

*

Zariya, tsakiyar Maris

Zuwa ga Yaya Zinariya, sarauniyar marinan Kusada.

Wa alaikumus salam. Na sami takardarki, na ji daɗin jin kuna lafiya. Allah ya ba Inna sauƙi, ki hana ta zaman tabarma a ƙasa. Ni ma lafiya, sai dai tuwon makaranta ya rage mini wuya. Allah ya mayar wa Hawwa'u da alheri. Dariyar da kika yi mini kuwa na yafe, amma ban manta ba.

Ruwanki yana wankuwa. Irinsa nake ɗebowa daga bayan masaƙu ina aiki a kai, naki ma ai mai sauƙi ne. Bari in yi miki bayani yadda za ki gane. Galura ba datti ba ce da za a tace da ƙyalle, ta narke cikin ruwan. Sai dai a ƙone ta, kuma akwai ƙuna da ba ta bukatar wuta. Kin san haidurojin da ake zuba wa ciwo yana kumfa? Idan ya haɗu da wani koren gari da muke kira gishirin ƙarfe, sai su haifar da wani abu mai tsananin ci, ya bi launin nan ya farfasa shi har ya mutu.

Na ba Sada kwali. A ciki akwai jarkar haidurojin, ya fi na kemis ƙarfi nesa ba kusa ba, kada ya taɓa fatarki. Akwai gishirin ƙarfe, da kwalbar ruwan tsami dangin ruwan batir wanda na riga na sirka, da 'yan takardun gwaji, da safar hannu. Ki ɗora su inda yara ba sa kaiwa.

Ga yadda za ki yi. Ruwanki soda ta yi masa yawa, aikin kuma ba ya ci sai cikin tsami. Ki riƙa ɗiga ruwan tsamin a duro kina juyawa da sanda, kina tsoma takardar gwaji, har ta koma launin da na zagaye miki da biro. Sannan ki zuba gishirin ƙarfe da murfin da na sa a ciki. Haidurojin shi ne na ƙarshe, kaɗan-kaɗan, ba irin zubin da kike wa miya mai ba. Zai yi kumfa, duron zai ɗan yi ɗumi, kada ki tsorata. Ki bar shi a buɗe cikin rana, rana na taimaka masa. Washegari ki ɗan mayar masa da sodarki har takarda ta koma kore, za ki ga wani jan laka ya kwanta a ƙasa. Na saman zai yi garau har ki ga fuskarki a ciki, in kina da ƙarfin halin kallonta.

Ki fara da rabin duro. Maganar zuwa ruga, ina ganin kin yi daidai. Gara ki je da aiki a hannu da ki je da baki kawai.

Naki,
Zainul Abidin

*

Kusada, ƙarshen Maris

Zuwa ga boka Zainu.

Sallama da gaisuwa mai yawa. Muna lafiya, Inna ta ce ka zo ka hana ta zaman tabarmar da kanka. Kwali ya iso, babu abin da ya zube.

Na farko bai yi ba. Na ga ɗigon nan naka zai kai ni la'asar, sai na tuttula haidurojin gaba ɗaya, duro ya yi ta tafarfasa ya yi ambaliya, ruwan ya tsaya kamar shayin da aka yi wa rowar madara. Na zage ka sosai a ranar, ka yafe. Na biyu na bi takardarka layi-layi, Shamsiyya na karantawa ina zubawa. Zainu, da safe na leƙa duro sai ga sama a ciki, ga fuskata, kuma na kalle ta, ba ta da laifi. Jan lakan ya kwanta a ƙasa yadda ka ce. Na zauna a bakin duron na yi ta hamdala. Ashe karatun naka ba na banza ba ne.

Na kai wa mai unguwa a kwalba. Ya ɗaga ta a rana ya juya, ya ce gani ya kori ji, amma ba shi aka yi wa ɓarna ba. Ya sa ranar Juma'a mai zuwa ta sama, bayan an sauko masallaci, a taru a ƙofar gidansa da Bubayero da mutanensa, in nuna musu.

Na san Fulani, ba a saye su da kallo. Bubayero zai ce ido ba ya ganin dafi, kuma gaskiyarsa. Sai na tuna kakata Babba, ƙanwar kakanka. Duk wanda ta jiƙa wa magani, sai ta fara kurɓa a gabansa kafin ta miƙa masa, ta ce hannun da ya haɗa shi ke fara kai wa baki. Ko Hawwa'u in ta dama wa baƙo fura sai ta taɓa ludayin a bakinta. To haka zan yi. Zan cika moɗa da ruwan duron nan in shanye a gabansu, kowa ya gani. Tsuntsun da ya ja ruwa ai shi ruwa kan doka. Tunda ka ce launin ya mutu, ban ga abin tsoro ba, ko wari ba ya yi.

In Allah ya sa suka yarda, daga nan sai ruga. Na ƙosa in ji muryar matar nan tana yi mini tsiya a kan tsadar rinina.

Ka aiko da ƙarin takardun gwaji, Shamsiyya ta ƙarar da rabi tana gwada miya da ruwan randa.

Zinariya

*

Zariya, yammacin Alhamis, ina rubutu a tasha

Yaya Zinariya,

Sallama. Ina fatan wannan ta same ki lafiya, kuma kafin gobe. Ki gafarce ni, gaisuwar yau gajera ce.

Kada ki sha ruwan nan. Ko kurɓa ɗaya kada ki yi, kada kuma a ba dabba.

Takardarki ta yi kwanaki a aljihun motar Sada, motar na gareji, yau da la'asar ya kawo mini. Na karanta ina tsaye, sai da na nemi wurin zama. Na ce miki launi zai mutu, ban ce ruwan ya zama na sha ba. Ban rubuta ba ne don ko a mafarki ban kawo wani zai kai shi baki ba, a ɗakin gwajinmu ko ruwan leda ba a shiga da shi. Na manta da wa nake magana, jikar Babba.

Ki duba, idan itace ya ƙone ba ya ɓacewa, yana barin toka. Galurar ma haka. Launin ne ya tafi, amma ɓaraguzanta suna nan narke, ido ba ya ganinsu, wasunsu ma ba mu san sharrinsu ba sai an auna. Ga gishirin da soda da tsami suka bari, ga sauran haidurojin da bai gama aiki ba, wanda zai iya ƙone miki maƙogwaro da ciki. Ruwan ya fi na da sauƙi ƙwarai, shi ya sa muke yi. Amma amfaninsa ki mayar da shi wankin farko na shadda, ko ki zuba a rami na dabam nesa da kududdufi da rijiya. Jan lakan ki shanya shi ya bushe, ki tara a buhu, zan gaya miki yadda za a yi da shi.

Na kira Kamila a Kankiya, wayarta a kashe. Na kira Auwalu, ya ce lambar maƙwabcinku ba ta shiga tun shekaranjiya. Gobe da safe ina da jarrabawar da ba a ɗagawa, da na taho da kaina. Na roƙi wani direban Katsina ya sauke wannan a tashar Kankiya, a ba ɗan acaɓa ya kawo miki. Ya yi mini alkawari, Allah ya sa ya cika.

In mutanen ruga na son shaida, ki cika kwalba ki aiko, in auna, in zo da kaina in karanta musu sakamakon. Ki ce su jira ni. Yaya, rini sana'a ce, in ta tafi wata na zuwa. Ke ɗaya gare mu.

Ki amsa mini da duk motar da ta fara tashi. Hankalina ba zai kwanta ba.

Zainul Abidin

*

Kusada, cikin watan Afrilu

Zuwa ga ƙanena Zainul Abidin.

Assalamu alaikum. Ka kwantar da hankalinka, mai rubutun nan da ranta, da hannunta take yi. Inna lafiya, yara lafiya. Ina fatan jarrabawa ta yi kyau. Na ji Kamila ta ce ka yi ta kiranta har ka rame, ta zo da kanta ta gan ni ta koma. Ban amsa da wuri ba don ina so in ba ka labarin da ƙarshensa.

Takardarka ranar Asabar da hantsi ta iso. Direban ya cika alkawari, ɗan acaɓan ne ya tafi biki Yashe da ita a aljihu.

Ranar Juma'a an taru. Mai unguwa a kan kujera, Bubayero da ƙannensa sun jingina da sandunansu, mata muna gefe ta wajen zaure. Hawwa'u na can ƙarshe, ta sauke ƙwarya ta ba ni rabin baya. Na sa aka kawo bokiti biyu, ɗaya baƙin ruwan rini, ɗaya wankakke. Na yi bayani iyakar iyawata, har da ƙunar da ba wuta, mutane suna ta leƙe suna salati. Bubayero ya duba ya daɗe, sannan ya ce, “Mun gani ya yi hwari. Amma nagge ba ta sha da ido.” Na ce na san za ka faɗi haka.

Na ɗauko moɗa na cika. Ba zan ɓoye maka ba, da na kawo ta kusa da hanci na ji wani ɗan wari kamar na tsohon kwano, gabana ya faɗi. Amma mutane na kallo, kuma na riga na yi niyya. Na yi bisimilla. Ruwan ya taɓa leɓena ke nan, na ji ɗaci da gishiri, sai na ji an damƙe mini wuyan hannu. Ban san lokacin da Hawwa'u ta taso ba. Ta murɗe moɗar ta kifar a ƙasa, ta goge mini baki da gefen mayafinta kamar wata ƙaramar yarinya.

Ta ce, “Ke Zinariya, hauka kike? Karsana guda na rasa bana, ta ishe ni.”

Na ce, “Hawwa'u, so nike ki yarda ban cuce ki da gangan ba.”

Ta ce, “Wa ya ce maki na ce da gangan ne? Ruwa ya bi gangare, Wule ta sha, kwananta ya ƙare. Ni abin da ya riƙe mani zuciya, akuyarki ta ɓata bara, ban zo maki jaje ba? Wule ta mutu, na shimfiɗa tabarma a ruga ina duban hanya. Mutanen Dudunni sun zo, na Bauranya sun zo, har wanda ba ya sayen nonona ya zo. Ke ina?”

Na ce kunya ce ta hana ni, na so in gyara ruwan tukuna.

Ta ce, “Ruwa na aike ki ki gyara? Cewa za ki yi, Hawwa'u, ya muka ji da hasara, Allah shi maida alheri. Shi ke nan fa.”

Zainu, ka ji fa. Ni da kai mun zauna mun ƙulla cewa gara in je da aiki a hannu, ashe matar nan ƙafata kawai take jira. Na yi kuka a gaban maza, ban damu ba. Mai unguwa ya yi gyaran murya ya ce to, tunda abin na mata ne, maza su koma maganar inda za a riƙa zubar da ruwan.

Da takardarka ta zo washegari, Shamsiyya ta karanta mini, na gode wa Allah da ya kiyaye. Leɓena ma sai da ya ɗan yi saɓa a inda ruwan ya taɓa, ya warke. Na kai wa mai unguwa aka karanta wa Bubayero, ban rage komai ba, har inda ka ce kada a ba dabba. Na zaci zai ce to a kife bahuna. Sai ya ce mutumin da ya faɗi aibin maganinsa da bakinsa, shi ake yarda da shi. An tsaya a kan in ci gaba da rini, in riƙa wanke ruwan, amma ko ɗigo kada ya nufi yamma. An toshe tsohuwar rariya da siminti. Ƙannen Bubayero da kansu suka haƙa mini rami ta gabas, bayan garkar maƙwabcinmu Bube, nesa da rijiya. Sun kuma kwashe baƙin lakan gefen kududdufin tun kafin ruwan sama ya zo ya motsa shi. Suna jiran ka zo ka karanta musu sakamakon, ga kwalbar ruwan nan na ba Sada, na ɗaure bakinta da jan ƙyalle. Wankin farko da ruwan kuwa yana yi, har na rage sayen ruwa wurin 'yan garuwa.

Ranar Lahadi na je ruga. Na yi sallama, na durƙusa a bakin bukkarta, na ce, “Hawwa'u, ya muka ji da hasara? Allah ya mayar da alheri.” Ta ce, “Amin, na gode da kika zo,” kamar jiya abin ya faru. Ta nuna mini igiyar Wule da ta rataye, ta ba ni labarinta tun daga ranar da aka haife ta, na zauna na saurara har rana ta yi sanyi. Da zan tafi ta ɗauko wani farin zane ta ce in rina mata baƙi, kuma kada in yi mata tsadar nan tawa.

Za ka ga kwalba ta biyu a ledar, mai farin ƙyalle, kada ka haɗa su. Man shanu ne, Hawwa'u ta ce a kai wa bokan Zariya ya sa a tuwon makaranta, ko wuyansa ya dawo. Ba sai ka tsoma masa takardar gwajinka ba. Ta lakata a gabana, ni ma na lakata.

Yayarka,
Zinariya